Birkin da ya cije a ƙarƙashin rumfar Baba

Shekarar da kuɗin mai ya tashi farat ɗaya, aka wayi gari gidajen mai na Kontagora duk layi har bakin titi, ita ce shekarar da Baba ya ajiye mota. Ba na mantawa, domin a cikin watan ne na fara zuwa ajin yaƙi da jahilci da yamma, in na dawo daga haya da kekena mai ƙafa uku. Ba tsadar mai kaɗai ta sa shi ajiyewa ba. Yanar ido ta riga ta fara rufe masa gani, har ta kai in mutum ya tsaya a bakin hanya zai tare shi, sai ya zo dab da shi yake gane mutum ne.

Motar tsohuwa ce, ƙirar Faransa, doguwa mai wurin kaya a baya, irin waɗanda aka yi yayinsu muna yara. Da fara ce, tsufa ya mayar da ita ruwan madara. Da ita Baba ya yi jigilar Bangi da Rijau ranakun kasuwa tun ban san kaina ba. Ta ɗauki buhunan gyaɗa, ta ɗauki awaki, ta kai amare, ta kai mata asibiti suna naƙuda. Ni na yi masa yaron mota shekara da shekaru, a cikinta na koyi tuƙi, a cikinta kuma lokacin makaranta ya wuce ni.

Ranar da zai ajiye ta, shi da kansa ya shigo da ita tsakar gida, ya saka hancinta ƙarƙashin rumfar kwano tana kallon katanga. Wurin yana da ɗan gangare zuwa magudanar ruwa. Na ɗauko dutse zan sa a bayan taya, ya hana ni. Ya ce dutse a gindin taya na motar da ba ta da birki ne, tasa kuwa tana da shi, kuma ba zai bari baƙo ya shigo gidansa ya ga motarsa da dutse ba. Ya ja birkin hannu har ƙarshe, ina jin ƙarar haƙoransa ɗaya bayan ɗaya, ya fito ya rufe ƙofa.

Tun daga nan, kowace Juma'a da hantsi, kafin ya yi wankan masallaci, sai ya yi wa motar nata. Ya kan kaɗa garin sabulu a bokiti, ya wanke ta tun daga rufi har ƙasa da tsohon tawul. Da yake ba ya gani sosai, da hannu yake bin ta, inda ya ji ƙura ya koma. Ƙafafun ya fi ba wa ƙarfi. Ya ce a ƙafa ake gane direba mai tsafta. Sai ya sheƙa wa kowace taya bokiti guda, yana watsa ruwan ta cikin ramukan wili don ya fitar da dattin ciki. In ya gama ya zauna a kujerar direba ya tayar da inji, ya bar shi ya yi ɗumi yana saurare, sannan ya kashe. Ina kawo masa mai kaɗan a gora saboda haka. Amma ko taku ɗaya bai taɓa matsar da ita ba. Damina biyu suka same ta a wurin, ta uku tana shirin kamawa.

Sai maganar auren ɗan Yaya ta taso. Yaya shi ne babban wanmu, yana sayar da hatsi a kasuwa, kuma shi ke riƙe da gidan tun da Baba ya zauna. Ana bukatar ɗaki da falo na ango, kuma babu sauran fili a gidan sai inda motar take. Aka sauke bulo da yashi a tsakar gida, aka jera siminti a zaure. Hadari ya fara haɗuwa da yamma, magina suka ce ranar Asabar za su haƙa tushe, in ba haka ba su kama wani aikin, simintin kuma ya sha danshi.

Yaya bai ɓoye komai ba. Ya kawo wani mai sayen gwangwan, irin waɗanda ke yanka tsofaffin motoci da wuta su sayar da ƙarfen a kan sikeli. Mutumin ya zagaya motar, yana ƙwanƙwasa jikinta da makulli, ya ce ƙarfen da ne, mai nauyi, zai zo da kayan yankansa ya gama da ita a inda take. Baba yana zaune a kan tabarma yana jin duk abin da ake faɗi. Da mutumin ya fita, Yaya ya durƙusa a gabansa.

"Baba, ba raini ba ne. Wurin muke bukata, kuma ka ga ita ba ta da sauran aiki."

"Wa ya ce maka ba ta da aiki?" in ji Baba. "Ƙanina na Kaboji ya daɗe yana roƙona ita, ɗansa ya riƙa kai masa amfanin gona kasuwa. Injinta ƙalau yake, ni nake jin sa duk Juma'a."

"To in ta ƙi tashi fa?"

Baba ya gyara zama a kan tabarma. Can ya ce, "In ta fita daga gidan nan da ƙafarta kafin magina su sa diga, Kaboji za ta. In ta kasa, ka kira mai wutar. Amma ranar ku kai ni gidan gwaggonku in wuni, ba zan zauna ina ji ba."

A kan haka aka tsaya. Ni ban ga wata wahala ba. Washegari na sa mata mai, na hura tayoyin da suka yi laushi, na zauna na murza makulli. Inji ya tashi bugu ɗaya. Na sauke birkin hannu, na taka kuloci, na sa giyar baya, ta shiga lafiya. Da na fara sakin ƙafa sai motar ta ɗaga baya kaɗan kamar saniyar da za ta miƙe, ta tsaya a nan. Na ƙara mata wuta, inji ya yi gurnani, warin ƙonewa ya cika rumfar.

"Kashe!" in ji Baba daga tabarmarsa. "Za ka cinye mata kuloci."

Maƙwabta suka taru, kowa da nasa. Wannan ya ce giya ce ta kwana, wancan ya ce kuloci ne ya manne. Muka taru mu shida muka tura, ko motsi. Da la'asar tifar da ke kawo yashi ta dawo, Yaya ya roƙi direban ya ɗan fizge ta, wai in ta motsa sau ɗaya shi ke nan. Aka ɗaura sarƙa a bambar baya. Tifa ta ja, motar ta biyo ta kamar kamu biyu, amma tayoyin baya ba su juya ba, ƙasa kawai suka kwashe suka bar layi biyu kamar an yi huɗa. Sai muka ji ƙarar ƙarfe ya yage. Bambar ta ɓalle ta bi sarƙa har bakin ƙofa.

Baba ya miƙe tsaye ba sanda. "Ku tsaya haka nan! Ba mushe ba ce da za ku ja ta a ƙasa."

Direban tifa ya kwance sarƙarsa ya yi gaba.

Daga nan na tafi garejin ɗan gwaggona, wanda yake bakanike ne a bayan tasha. Taubashina ne, tun muna yara ba ma haɗuwa mu rabu ba mu tsokani juna ba. Na same shi rabinsa a ƙarƙashin wata mota. Na gaya masa abin da ya faru tun daga farko.

"Wato kai da Yaya kuka ɗaura wa motar Kawu sarƙa," ya ce, yana goge hannu. "Ɗan makaranta da furfura, abin da ake koya muku ke nan a ajin?"

"Ba a kai mu darasin sarƙa ba tukuna. Za ka zo ko sai na nemo bakanike na gaske?"

"Na gaske yana gabanka. Gobe da sassafe. Ka tanadi shayi mai madara, ba irin ruwan bunun da ka saba ba ni ba."

Ya zo a kan babur da buhun kayan aiki. Ya fara durƙusawa ya gaida Baba, suka taɓa hira kan lafiyar gwaggo, sannan ya nufi motar. Bai taɓa sifana ba tukuna. Ya ce in tayar, in sa giya, in saki kuloci a hankali. Da inji ya fara nishi ya ɗaga hannu na kashe.

"Giya lafiya, kuloci lafiya," ya ce. "Da ɗayansu ne, da inji zai yi ta gudu shi kaɗai ba ya jin nauyi. Wannan ƙarfin yana isa ƙafa, ƙafar ce wani abu ya riƙe."

Ya shiga ya taka birkin ƙafa, ya ce ya yi tauri kamar dutse. Ya ja birkin hannu ya sake, sandar ta faɗi sakwaf, kamar igiyar da ba komai a bakinta. Ya buɗe murfin inji ya leƙa ɗan tankin man birki. Man da ya kamata ya zama garau ya koma baƙi-baƙi kamar shayin da ya kwana a buta.

Ya ce sai an ɗaga ƙafafun ɗaya bayan ɗaya an juya da hannu, a san wadda ta cije. Yaya ya ce a ɗauki bulo a tokare ta. Taubashina ya ƙi, ya ce bulo yana rugujewa ba sallama, shi kuma yana da 'ya'ya. Muka samo guntayen kututture biyu a wurin mai itace, ba su isa ba, sai muka aro tsohon turmin matar Yaya muka kwantar. Ta ba mu tana cewa in ya fashe mu za mu riƙa yi mata daka a tafin hannu.

Tayar gaba ta ɓangaren direba ta juya, amma da ƙyar, tana ƙara kamar ana wasa wuƙa. Ta ɗaya ɓangaren ta ƙi. Ya cire tayar, ya nuna mini kalifa, wato ƙarfen da ke matse faifan birki daga gefe biyu. A bayanta akwai ɗan ƙaramin noti da ake fitar da iska ta wurinsa.

"Duba nan, malam ɗalibi. In na kwance wannan, mai ya fito, faifan ya saki, to ba kalifa ba ce, hanyar man ce ta toshe. In ya ƙi saki, kalifar ce ta ci tsatsa."

Ya kwance. Baƙin mai ya yi tsartuwa ya same ni a gaban riga, faifan kuma ya juya da yatsa ɗaya.

"Ga amsa a rigarka," ya ce. "Tiyon roba ne ya ruɓe ta ciki. Yana barin mai ya tafi, ba ya barin sa ya dawo."

Wannan ya zo da sauƙi, domin tiyo ana samunsa a kasuwa. Ta ɓangaren direba kuma fistan da ke cikin kalifar ne ya ɗan kama. Ya fitar da shi, ya ba ni in goge da samfefa mai laushi. Na ɗauko kananzir zan wanke robobin, ya buge mini hannu, ya ce kananzir yana kumbura roba, da man birki kaɗai ake wanke su.

Ƙafafun baya su ne aikin. Su ba faifai gare su ba, durom ne, wani ƙarfe kamar kwanon tuwo da aka kife, takalman birki suna ciki suna tokare shi in an taka. Duka biyun ko girgiza ba sa yi. Na sa ƙarfina duka, shi ma ya sa, kamar an yi musu walda. Da muka cire tayoyin muka ga durom ɗin sun yi jawur da tsatsa, ga wani farin abu ya bushe a kansu layi-layi. Taubashina ya kankara da farce, ya shinshina. Ya dube ni, ya dubi Baba, ya rage murya.

"Wannan sabulu ne. Wa ke wanke mata ƙafa?"

Ashe Baba ya ji. "Ni ne," ya ce. "Duk Juma'a, ban taɓa fashi ba. Bokiti guda kowace ƙafa."

Taubashina ya ajiye sifana, ya je ya tsuguna kusa da tabarmar. Bakinsa da ba ya raga wa kowa, ranar sai da ya nemi kalma.

"Kawu, wankan ne ya yi mata yawa. Da kana fita da ita, zafin tafiya zai busar da ruwan. To ga birkin hannu a ja, takalman suna manne da durom, ruwa yana shiga yana kwana a tsakaninsu. Tsatsa ta haɗe su sun zama abu ɗaya. Wayar birkin hannun ma ta ƙage a cikin bututunta, shi ya sa ko an sauke sandar ba ta sakin su."

"Da me ya kamata in yi?"

"Ka bar ta a giya, ka sa mata dutse, ka sauke birkin hannu."

Baba ya murza carbinsa. Sannan ya ce, "Shekara nawa ina tuƙi, ban taɓa ajiye mota ta wuce kwana uku ba. Tuƙi na iya, ajiya ban iya ba. Za ta gyaru?"

"Za mu gwada, Kawu."

Ya shiga ƙarƙashi ya kwance wayar birkin hannu daga inda ta rabu biyu. Ya zura sukudireba ta wani ɗan rami a baya, yana neman sassauta abin da ke ware takalman. Sannan ya ɗauko guduma, ya ba ni guntun katako in dafa a gefen durom don kada ƙarfe ya daki ƙarfe. Yana bugawa yana zagayawa, ba da ƙarfi sosai ba, garin tsatsa yana zuba kamar barkono. Mun daɗe a haka. Can sai muka ji ƙas, durom na dama ya motsa. Muka yi ta juya shi gaba da baya har ya zame ya fito. Cikinsa duk tsatsa, amma lafiyarsa lau.

Na hagu ya ƙi. Muka buga har azahar, muka yi salla muka dawo, muka zuba masa mai ta gefe muka jira, muka sake bugawa. Ana cikin haka katakon ya goce, guduma ta sauka a babban yatsana. Na zauna a ƙasa ina riƙe da hannu.

"Na hagu ne ko na dama?" in ji taubashina.

"Na hagu."

"To da sauƙi, ba da shi kake riƙe fensir ba. Malamarku ba za ta kama ni ba."

Matar Yaya ta kawo ruwan gishiri na tsoma. Kafin la'asar farcen ya yi baƙi.

Abin da ya faru a ciki, lainin, wato shafin da ke jikin takalmin yana gogar durom, shi ne ya ɓamɓare ya karkace, ya shiga tsakani ya toshe. Ba yadda za a yi sai da ƙarfi. Taubashina ya sa ƙarafan cire taya biyu ta bayan durom, ni na danna ɗaya da hannu mai lafiya, shi ya danna ɗaya yana bugawa. Durom ya fito, amma da tsaga tun daga baki har kusa da tsakiya. Ya ɗaga shi ya ƙwanƙwasa, ƙarar ta fito a mace kamar fasasshen kasko.

"A kai a yi masa walda mana," in ji Yaya.

"Yaya, durom ba ya walda. In ya yi zafi a gangara ya buɗe, wa za ka tambaya? Sai dai wani."

Ranar Juma'a ke nan da safe muka shiga neman durom. Muka bi shagunan kayan mota na tasha ɗaya bayan ɗaya, da fasasshen a cikin buhu. Tiyo da man birki mun samu nan da nan. Takalman kuma muka kai wa wani dattijo da ke buga sabon lainin a jikin tsohon takalmi da ƙusoshin tagulla, ya ce mu dawo bayan masallaci. Amma durom, duk wanda muka nuna wa sai ya yi dariya. Wani yaro mai shago ya ce tun da aka haife shi bai taɓa sayar da irinsa ba. Wani ya ce sai dai a aika Kaduna, a jira mako. A ƙarshe wani ya ce mu gwada wurin masu gwangwan a bayan gari.

Wurin mutumin nan ne da ya zo ya ƙwanƙwasa motar Baba. Yana ganinmu ya gane ni.

"A'a, manyan baƙi! Ina jiran saniya sukutum, sai ga masu ita sun zo sayen ƙafa."

"Ƙafar muke so, Alhaji," in ji taubashina. "In ka ba mu, saniyar ta tsere maka ke nan."

"In na hana ku kuma gobe in zo da wuta."

"Haka ne."

Mutumin ya dube mu yana murmushi, ya ce, "Tsohon naku ya taɓa ɗauko mahaifiyata daga Bangi ba ta da lafiya, ya kwantar mata da kujera. Ku biyo ni."

Ya kai mu can ƙarshen fili. Ga irin motar Baba sak, an raba ta biyu, gaban ya tafi, bayan yana kife a kan tarin ƙarafa, kaji suna kwana a ciki. Na tsaya ina kallonta, na ji ba daɗi. Ƙafafunta na baya suna nan. Da yake a kife take, ba birki a ja, durom ɗin ya fito da bugu kaɗan. Muka gwada shi baki da baki da namu, daidai. Muka zare wayar birkin hannun ma, tana motsi a cikin bututunta. Ya ce mu bar masa fasasshen, mu aiko masa da bambar da ta ɓalle, mu ɗan cika masa wani abu a kai. Muka yi haka.

Da yamma muka goge cikin durom biyun da samfefa har suka yi haske, muka sa takalma da sabon lainin, muka ɗaura waya da tiyo. Magariba ta kama mu ba mu sa mai ba, muka bari sai safe. Ajinmu ma ban leƙa ba duk kwanakin.

Asabar da sassafe magina suka iso da diga da shebur. Suka fara kafa turaku suna ja da igiya, motar tana tsakiyar abin da zai zama falo. Babbansu ya ce shi ba ruwansa, in rana ta ɗaga zai fara haƙa ko da mota ko ba mota. Yaya yana ta kai da kawowa da waya a hannu. Bai kira mai gwangwan ba, amma bai mayar da wayar aljihu ba.

Saura fitar da tsohon mai da iska. Ni ina kujerar direba, taubashina yana kwance a gindin taya da sifana da gora.

"Taka! Taka! Taka! Riƙe!"

Na riƙe, ya kwance noti, fedar birki ta nutse har ƙasa.

"Kada ka saki sai na ce. Saki! Kai, ko ƙafar ma sai an kai ta aji?"

Haka muka bi ƙafa huɗu, muka fara da ta nesa, yana tashi yana ƙara mai a tanki kada ya ƙare. Baƙin ya fita, garau ya biyo. Ya ce an gama, a sauke ta.

"Ku kawo ni," in ji Baba.

Na kama hannunsa na zaunar da shi a kujerarsa. Ya cire takalmi, ya sa tafin ƙafa a kan feda, ya taka a hankali, ya sake, ya kuma takawa ya riƙe.

"Akwai sauran iska. Tana yin laushi a farko, sai an sake takawa take cika."

"Kawu, na bi su duka."

"Ka sake bin na baya."

Taubashina ya dubi magina, ya dubi rana, ya koma ƙasa ba musu. Baba ne ya taka masa da kansa. A ta hagu, wadda muka canza wa durom, sai ga kumfa ta fito, tana tsartuwa. Ya ɗaure notin. Baba ya taka sau ɗaya, ya ce, "Yanzu ta yi."

Muka sauke ta daga kan kututture. Da aka zaro turmin matar Yaya sai ga shi ya tsage gida biyu. Ba wanda ya sami lokacin yin maganarsa. Baba ya matsa kujerar gefe, na zauna a tawa, taubashina ya tsaya a baya yana ba ni hannu. Na tayar, na sa giyar baya, na saki kuloci. Ta tafi sumul, ba ƙara, ba nishi. Yaran gida suka sa ihu. Magina suka ɗage igiyarsu ta wuce ta ƙarƙashi.

Tarin bulo ya rage hanyar fita, ga yatsana a naɗe ba na riƙe sitiyari da kyau. Ina kallon hannun taubashina ta dama, sai na ji tas ta hagu.

"Taka!" in ji Baba.

Na taka. Ta tsaya cak, har kanmu ya yi gaba.

"Mene ne ya fashe?"

"Fitilar baya ce, Baba. Ta taɓa bulo."

"To. Birkin dai ya kama. Gyara ka fita."

Na gyara na fita da ita ƙofar gida. Kafin in juya hancinta titi na ji diga ta fara sauka a bayanmu.

Muka kama hanyar Kaboji da hantsi, mu uku, domin mu dawo da rana. Ban wuce giya ta uku ba. Muna ɗan yin nisa taubashina ya ce in tsaya, ya bi ƙafafun yana dafa wili da bayan hannu. Uku da sanyi, ta hagu ta baya da ɗumi. Ya shiga ƙasa ya ɗan sassauta, muka ci gaba. Da muka sake tsayawa duk sun yi daidai. Baba bai yi magana da yawa a hanya ba. Gilashinsa a sauke, in mun hau gada ko mun shiga kwana sai ya faɗi sunan wurin tun kafin in faɗa masa.

Ƙaninsa ya tarbe mu a ƙofar gida. Baba ya miƙa wa ɗan ƙanin nasa makulli da hannunsa, ya ce kada ta yi mako ba ta taka titi ba. Muka ci tuwo, muka yi azahar, muka hau motar haya muka dawo. Ko da muka iso gida an haƙa tushe har gwiwa, an cire rumfar an jingine kwanon a katanga. Motar tana Kaboji har yanzu, tana kai masara da waken suya kasuwa.

Abin da aka rasa a wannan aiki: bambar baya ɗaya, durom ɗaya, lainin huɗu, wayar birkin hannu, tiyo ɗaya, turmin matar Yaya, farcen babban yatsana na hagu, da gilashin fitilar baya. Farcen ya sake fitowa, turmi na saya mata wani. Gilashin fitilar ne har yau ba mu samu irinsa ba, an rufe wurin da jar leda.